Zuwa ga Bawana, Kan Carkin da Ke Falona

Jidda, daren Juma'a

Bawa,

Ina kwanan Goggo, yaya ƙafar tata? Ina Ladi da yara? Ka gaishe mini da Malam Babba, ka ce masa saƙonsa ya iso, kuma na yi masa addu'ar a inda ya ce a yi.

Na saurari muryar da ka turo har ƙarshe, ko da yake rabinta dariya ce. Na ji wasu muryoyi a bayanka, har na gane ta mai shayin bakin tasha. Wato sai da ka tara mini jama'a a kan benci kafin ka kunna bidiyon ɗan kifin da na turo maka: ku zo ku ga ɗan Kawu, ya je ƙasa mai tsarki ya ɓige da yi wa kifi bauta. Na gode. Tunda ka kai ni kasuwa, sai ka zauna ka ji ta bakina. Wannan ma ka karanta musu, kuma kada ka tsallake wuraren da na taɓa ka.

Ba saya na yi ba, wannan ita ce ta farko. Wani abokin aikina ne a asibiti, mutumin Filifin, kwantiraginsa ya ƙare zai koma gida. Ba a shiga jirgi da tankin gilashi mai cin lita 300 na ruwa, durom ɗaya da rabi ke nan a lissafinku. Ya bi kowa yana roƙo har ya zo kaina. Maman Ilham ta ce a'a, yara suka ce e. Kai ma mai iyali ne, ka san wanda ya ci.

Tambayarka ta farko, ana ci? Ba a ci. Tsawonsa bai wuce ɗan yatsana na tsakiya da kaɗan ba. Ko Goggo, da ba ta yarda a zubar da kan tarwaɗa, ba za ta samu abin tsotsa a jikinsa ba. Siriri ne, gabansa fari-fari, bayansa shuɗi mai haske, da baƙin layi da ya taso daga baki ya ratsa ta ido, yana ƙara faɗi har wutsiya. Masana suna rubuta sunansa Labroides dimidiatus. Danginsu sun haura iri 600, kuma babban yayansu, wanda Larabawan nan ke kira tarabani, yana kai mita 2. Shi ana cinsa, har an ci shi ya yi ƙaranci, tun 2004 aka sa shi cikin dabbobin da ba a fataucinsu tsakanin ƙasashe sai da takarda.

Mu a gida Carki muke ce masa. Ni na raɗa masa, kuma da kai a raina na raɗa. Sana'arsu ɗaya da carkin da ke bin shanu. A cikin teku yana da wurin zamansa a gindin wani dutse, ba ya yawo. Manyan kifaye ne ke zuwa su same shi. Kifi zai zo ya tsaya cak, ya baza fukafukai, ya buɗe baki, wani har launinsa ya canza, shi kuwa ɗan wannan ya bi jikinsa yana tsince kaskar ruwa da mataccen ɓawo. Yana shiga bakin hamur, kifin da zai iya haɗiye irinsa goma bai ji ya karya ba, ya zagaya tsakanin haƙora ya fito ta wajen numfashi lafiya lau.

Wata masaniya a Ostareliya, Alexandra Grutter, ta yi shekaru tana bin su da ƙidaya a tsibirin Lizard. Ta samu guda ɗaya yana duba kifi sama da 2,000 a yini, yana cin ƙwari wajen 1,200. Ka riƙe wannan lissafi, don duk wahalata a cikinsa take. A tankina kifi shida ne ban da shi.

Ka ga mai sana'ar da ya saba da layin dubu biyu an kawo shi inda mutum shida ne, kuma duk shidan ba mai kaska. Me zai yi? Sai ya bi su da aikin da ba su sa shi ba. Akwai wani rawaya mai faɗi, shi ne babba a tankin, shi ya fi shan wahala. Da gari ya waye Carki zai tare shi da 'yar rawarsa, yana ɗaga wutsiya yana saukewa. Rawayan ya tsaya, don jininsa ya san wannan rawa. Carki ya bi gefensa sau ɗaya, sau biyu, bai samu komai ba, sai ka ga rawayan ya zabura kamar an tsikare shi da allura. An cije shi ke nan. Ya gudu bayan dutse, can ya leƙo, a sake. Har wani ɗan tabo ya fito masa kusa da wutsiya ya ƙi warkewa, don kullum ana komawa kansa.

Na san abin da za ka ce, domin kai ka fara gaya mini shi muna yara a bayan garken Kawu: carki ba don Allah yake yi ba. Ni ina cewa taimakon saniya yake, kai kana cewa in ga yadda yake zama a kan miki. To, ka ci wannan shari'ar bayan shekara talatin. Wani Bature, Paul Weeks, ya gwada a kan shanu a Zimbabuwe, ya wallafa a 2000. Shanun da ya hana carki sauka a kansu ba su fi sauran kaska ba, amma mikinsu ya fi saurin warkewa. Ka je ka karɓi ladanka wajen mai shayi.

Na teku ma haka yake. An gwada an gani, in an ba shi zaɓi ya fi son yauƙin da ke jikin kifi a kan kaskar, yauƙin nan kuwa shi ne rigar da ke kare kifi daga cuta. Cin kaska dole ce, cizon yauƙi shi ne marmari. Abin da ke tsare shi a teku kasuwa ce. Wani masani, Redouan Bshary, ya daɗe yana nutso a Ras Muhammad, can ƙarshen Sina'i, a wannan Bahar Maliya tamu, yana kallon cinikinsu. In Carki ya ciji baƙon kifi mai yawo, baƙon ya tafi wajen wani, ba ya dawowa da wuri. In ya ciji ɗan unguwa wanda ba shi da wani wurin zuwa, ɗan unguwar ya bi shi da gudu. In akwai wani kifi a gefe yana kallo, sai ya rage cizo ya kama aiki tsakani da Allah. Masu haƙora kuwa ba ya wasa da su ko kaɗan.

Wanda ya fi ba ni dariya, baƙo yake fara yi wa aiki ya bar ɗan gida yana jira, don ya san ɗan gida ba inda za shi. In kuma ya ɓata wa wani rai, sai ya hau gadon bayansa yana shafa shi da ƙananan fukafukansa na ciki har ya huce. Bawa, ka rantse ba a kasuwar Sheme ya yi karatu ba. Na tuna ranar da ka bar Kawu tsaye a rana da igiyar sa a hannu, ka bi wani Alhaji mai babbar mota daga Kudu, ka dawo da yamma da tsire a takarda kana kiran sa Baba.

A tanki babu kasuwa. Wanda aka ciza ba shi da wani wurin, wanda ya yi cizon ba ya tsoron a guje shi. Wannan ya sa yawancin waɗanda ake sayarwa ba sa daɗewa a gidajen mutane. Wasu ba sa taɓa yarda su ci abin da aka zuba musu. Suna nan suna iyo, suna rawa, mai gida na murna, cikinsu na shafewa a hankali har bayan kai ya rame, wata safiya a tarar da su a ƙasa. Nawa Allah ya sa mutumin Filifin ya riga ya koya masa cin abinci. Duk da haka ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Ga yadda ake ciyar da shi, ka ƙara wa 'yan benci abin dariya. Cikinsa ƙarami ne, an halicce shi ya yi ta tsinta daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, don haka ba ya ci ya ƙoshi ya kwanta. Sai an ba shi kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a yini. Ƙananan jatan lande daskararru, da ƙwan kifi, da naman kumba da nake yankawa da reza har ya zama kamar gari. Akwai wani ɗan dutse mai kaushi da nake shafa wa naman in saka a ruwa, ya zo ya yi ta tsattsaga kamar jikin kifi ne. Tun da na fara haka rawayan ya samu sauƙi, tabon ya rufe. Ranar da nake aikin dare, Maman Ilham ke yi. Ita da ta ce a'a. Yanzu firizarta akwai gefen da ba a taɓawa, kuma ranar da na makara da abincin safe ita ta kira ni a waya tana faɗa.

Ruwan kuma wani karatu ne. Kowace lita tana son gishiri giram 35, ka lissafa, tankin nan yana ɗauke da fiye da kilo 10. Ba gishirin miya ba, wani haɗi ne na musamman da ake sayarwa a bokiti. Ka dubi abin: teku na nan, in na hau rufin gidanmu ina hango ta. Hukuma ta ɗebo ruwanta a Shu'aiba ta cire masa gishiri ta turo mini a famfo, ni in sake tace shi, sannan in je kanti in sayo gishiri in mayar masa. Ita Bahar Maliya gishirinta ya kai giram 40, ta fi yawancin tekuna, don rana na ƙafar da ita kuma babu wani kogi da ke zuba a cikinta. Tankin ma yana ƙafewa kullum. Ruwa ke tashi gishiri ya zauna, saboda haka abin da ake ƙarawa kullum ruwan daɗi ne. Wanda ya manta ya ƙara mai gishiri ya kashe kowa.

Zafi kada ya wuce 26 a ma'auni, a garin da bazara ke haura 40. Akwai na'urar da ke sanyaya ruwan, akwai injin da ke juya shi dare da rana, akwai fitilar da ke kwaikwayon rana. Fitilar don murjani ce. Ka gaya wa Goggo murjani dabba ne mai rai, yana ci, yana buɗewa yana rufewa, in ya ji zafi ya yi fari ya mutu. Irin jan da ke cikin adakarta daga tekun Bahar Rum ake ciro shi, nawa wasu ne, masu laushi, ruwan ƙasa da kore. Na san za ta ce ƙarya nake, tun ina yaro haka nake.

Kuma sai an rufe saman da raga, don duk danginsu 'yan tsalle ne. Ƙofa ta buga da ƙarfi, ko a kunna fitila farat ɗaya, sai ka tsince shi a bayan kujera.

Saboda haka ka gaya wa Abba, da ya ce in kawo masa irinsa in zan zo, ya yi haƙuri. Wutar da za ta ɗauke awa kaɗan ta isa ta gama da tankin, balle a Damari. In kiwo yake so ka haɗa masa tattabaru, ko ka sayo masa 'ya'yan tarwaɗa a Funtuwa ya zuba a rabin durom. Su za su yafe masa in ya manta da su yini guda, kuma a ƙarshe a yi miya.

Ka ce almubazzaranci ne. Wannan ta ɗan taɓa ni, ba zan ɓoye maka ba, shi ya sa na tambayi wani malami ɗan Sakkwato da muke salla tare. Ya ce ajiye tsuntsu ko kifi don sha'awa bai haramta ba, ya kawo labarin ƙanen Anas ɗan Malik da yake da ɗan tsuntsunsa, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi masa jaje da ya mutu. Amma bai bar ni na tafi da murna ba, sai da ya tuna mini matar nan da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Ya ce tunda na karɓa, ya hau kaina. Kuɗin da yake ci a wata bai kai abin da kake kashewa a goro ba, kuma ni ban taɓa yi maka lissafi ba.

Za ka ce to in kai shi teku mana in sake shi, ga ta nan kusa. Na yi wannan tunanin. Irinsa suna nan a Bahar Maliya, amma shi wannan ta kanti ya biyo, kantunan kuwa daga Indonesiya da Filifin da Kenya suke haɗo kaya, su cakuɗa su a ruwa ɗaya. Duk cutar da ya kwaso a hanya zan kai wa na gida. Mutanen Amurka sun ga irin wannan. Akwai wani kifi mai ƙayoyi masu dafi da ake ajiyewa don ado, an fara ganin sa a gaɓar Florida a 1985, ana kyautata zaton daga tankunan gida aka sake shi, yau ya cika tekun Karibiyan yana cinye 'ya'yan kifinsu. Ba zan sake shi ba. Zai zauna har iyakar kwanansa, ko in samu mai babban tanki da manyan kifaye in ba shi.

Amma in ya mutu ba zan sayi wani ba, kuma duk wanda ya tambaye ni ina hana shi. Masu kanti suna cewa likita ne, wai yana maganin cutar fararen ɗigo da ke kama kifin tanki. Ba ya yi, ƙwayar cutar a ƙarƙashin fata take, bakinsa ba ya kai wa. Ciniki ne kawai. Kuma kowane ɗaya da ka gani a kanti, an bar wani dutse a teku babu mai aiki. Grutter ɗin nan da mutanenta sun kwashe su daga wasu duwatsu tun 2000, suka bar wasu da nasu. Bayan shekara takwas da rabi, inda aka kwashe kifaye sun ragu, irinsu ya ragu, waɗanda suka saura kuma ba su kai na ɗaya gefen girma ba. Ɗan abin da bai cika tafin hannu ba.

A Norway ma har ɗaukar danginsa aiki ake yi. Suna zuba miliyoyi a gonakin kifinsu na cikin teku kowace shekara don su cinye ƙwarƙwatar da ke addabar kifin, kuma da yawansu ba sa kai ƙarshen kakar. Wannan sai mun haɗu, labarin da tsawo.

Bari in gaya maka abin da ya sa ban ba da shi ba tun watan farko. Ranar da na fara sa hannu a ruwan zan gyara wani dutse, sai ya zo ya yi mini rawar nan tasa, ni ɗan Adam. Na tsaya. Ya bi yatsuna ɗaya-ɗaya, ya shiga tsakaninsu, ya ja gashin bayan hannuna, sannan ya gangara wuyan hannu ya tsaya daidai kan tabon lauje. Ka san tabon, tunda kai ka yi mini shi kuma har yau kana cewa ni na kawo hannu. Ya yi ta tsattsagar sa a hankali, ba zafi, kamar ana taɓa ka da bakin tsinke. Duk lokacin da na sa hannu sai ya koma wurin. Ilham ta ce yana so ya goge ne. Na ce mata wanda ya yi shi ma bai ba da haƙuri ba tukuna.

Da magariba, fitila na raguwa, yana da wani rami a cikin dutse da yake shigewa. Sai ya fitar da yauƙi ya lulluɓe kansa da shi ya kwana a ciki. Da safe za ka ga rigar tana yawo a ruwa, ta yage, shi kuwa ya riga kowa fitowa yana neman wanda zai yi wa aiki.

Ilham ta ɗauko madubin uwarta ta jingina a jikin gilashin, don na ba ta labarin wani malamin jami'a a Osaka ta Japan, Masanori Kohda. A 2019 shi da abokan aikinsa suka ɗiga wa irin wannan kifi wani launi ruwan ƙasa a maƙogwaro, inda ba ya iya gani sai a madubi. Kifin ya duba madubi, ya gangara ya goga maƙogwaronsa a ƙasa, ya dawo ya sake dubawa. Wannan gwaji tun 1970 aka ƙirƙiro shi don birai, kuma wanda ya ƙirƙiro shi, Gordon Gallup, bai yarda kifi ya ci ba, har yau ana ta ja. Namu dai da farko faɗa ya kama yi da na cikin madubin, baki buɗe. Bayan kwana biyu ya daina, ya koma zuwa yana tsayawa yana juya jiki. Ko ya gane kansa ne, ko ya gaji ne, Allah masani. Na san mutum a Damari da ya shekara hamsin yana duba madubi bai gane hular nan ba ta yi masa kyau ba.

Wannan kuma kada ka karanta a gaban Ladi. A teku namiji ɗaya ne da matansa da yawa. In ya mutu, babbar cikinsu kafin yini ya ƙare ta fara tafiya irin tasa tana zagaya sauran, cikin 'yan makonni kuma ta zama namiji sosai, har ta zama uban 'ya'ya. Wani Robertson ya rubuta wannan tun 1972. In kuma miji da mata suna aiki a kan kifi ɗaya, matar ta yi cizo baƙo ya gudu, mijin ya bi ta da kora don ta jawo musu asara. Namu shi kaɗai ne, saboda haka ba mu san ko Carki ne ko Carkuwa ba.

To, na gama da kifi. Yanzu kai.

Hajiya Uwani ta zo Umra, ta kwana biyu a wurinmu. A bakinta na ji ka sayar da bajiman nan biyu tun kafin Babbar Salla, ba don ciniki ya yi ba, don kada a zo a kora su da dare. A bakinta na ji gonar bakin rafi ba a noma ta ba bana ma. A bakinta na ji akwai makon da kuka kwashe Goggo da yara kuka kwana a Dandume. Muna waya da kai duk wannan lokacin. Kana tambaya ta farashin dabino, kana yi mini dariyar kifi.

A 2021, da gwamnati ta yanke layin waya a Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara har da Funtuwa, ka hau mota har Zariya don kawai ka kira ni ka ce kuna raye. Ina cikin aiki na fita waje na zauna a kan matakala, ka ji muryata ka ce in daina abin mata. A wancan lokacin da ba hanya ka nemo hanya. Yanzu waya na aljihunka, sai baƙuwa ce za ta gaya mini halin da gidanmu ke ciki ina zuba mata shayi. Na ji kunya a gabanta, Bawa. Ta gane ban sani ba, ta yi shiru, ta kama yabon labule.

Na san dalilinka. Ka ce wanda ke nesa ba abin da zai iya sai rashin barci. Rashin barcin nawa ne, ka bar mini abina.

Na kuma ga hoton sunan gidan Sani. Rigar da na aiko maka bara ta yi maka yawa a kafaɗa. Ladi ba ta rage maka tuwo ba, na san hannunta. Tun shekarar da aka rufe kasuwannin dabbobi ba ka koma daidai ba, ko da aka buɗe, shanun da za a yi dillancinsu sun yi nisa, masu su wasu sun yi Kudu wasu sun bar kiwon. Mutumin da in ya shiga kara tun safe ba ya zama sai la'asar, ya san sa da tafiyarsa kafin ya ga haƙoransa, yanzu shi ne a benci yana kallon bidiyon kifi. Ba gori nake maka ba. Yaushe rabonka da ganin carki a Damari? Da gaske nake tambaya, ka duba ka gaya mini.

Kuɗin da na turo ta hannun Sani ka mayar, wai ba ka kai nan ba. To ba sadaka ba ce. Ga yadda za a yi, kuma ban nemi shawararka ba, ubangida ba ya shawara da bawa. Zan sake turowa bayan albashi. Ka sayi raguna huɗu ƙanana, ba shanu ba, abin da za a iya ɗaurewa a cikin gida a bayan ɗakin Goggo ba a gani daga waje. Kai ne ido, ni ne aljihu, riba biyu. In ka ga tumaki sun fi, kai ka sani, a nan ba na ja da kai. In ka sake mayarwa zan kira Goggo in gaya mata wanda ya fasa tulunta na Zariya, shekara talatin da biyar ina rufa maka asiri.

Maganar kuɗin shara kuma tana nan, Muharram ya wuce ban ga komai ba kai ma ba ka ga komai ba. A bar wa Malam Babba ya raba mu, amma a gaya masa gaskiya wane ne ɗan namiji.

Maganin ƙafar Goggo yana wajen Hajiya Uwani, kwali biyu, da man shafawa. Ɗaya da safe bayan ta ci abinci, kada ta sha da ciki wayam, kuma kada ta raba wa maƙwabta kamar wancan karon. Akwai turare na Ladi da takalman Abba, in sun yi masa kaɗan a ba ƙanensa. Wanda zai taso nan gaba ka haɗo shi da kuka da daddawa da ɗan yajin Ladi, na kantin nan ba su da rai. Ka kira ni ranar Lahadi bayan isha'i, ba na aiki, kuma ka shiga ɗaki kai kaɗai, ban da 'yan benci.

Ubangidanka,
Tanko